Tun Ran Gini, Ran Zane: Yadda Kwamfuta Ke Taya Injiniya Tunani

   

Idan aka ambaci injiniya, hoton da ke fara zuwa wa yawancinmu shi ne mutum sanye da hular kwano, yana tsaye a wurin gini yana nuna wa lebura inda za su zuba kankare. Wannan ma aikinsa ne, amma kafin a kai ga nan an riga an yanke shawarwarin da suka fi kowanne nauyi. An yanke su ne a cikin ɗaki, da fensir da takarda, tun babu ko bulo ɗaya a ƙasa. A kan wannan mataki za mu tattauna yau, da kuma wani nau'i na ƙirƙirarriyar basira da aka gina musamman don ya taya injiniya tunani a daidai lokacin. Masu sha'awar karanta injiniyanci su gyara zama. Sauran ma kada su juya shafi, domin kowannenmu yana hawa gada, yana shiga bene, yana kwana a ƙarƙashin rufin da wani ya zayyana.

Matakai huɗu na zayyana

Wasu malaman injiniyanci biyu 'yan ƙasar Jamus, Gerhard Pahl da Wolfgang Beitz, sun fitar da wani littafi a shekarar 1977 wanda har yau ake koyar da shi a jami'o'in duniya. A ciki sun kasa aikin zayyana gida huɗu. Na farko, a fahimci matsalar: me ake so abin ya yi, wa zai yi amfani da shi, nawa ake da shi a aljihu. Na biyu, a zaɓi dabarar da za a bi. Na uku, a ba dabarar siffa da girma. Na huɗu, a fitar da zane dalla-dalla, har da kaurin kowane noti.

Mataki na biyun shi za mu kira zayyanar farko. A nan ne ake amsa tambayoyi irin su: kogin nan gada za a yi masa ko jirgin fito za a sa? In gada ce, mai ginshiƙai a cikin ruwa ko mai rataye da igiyoyin ƙarfe? Abin da ya sa matakin yake da wuya shi ne, lokacin da injiniya yake da cikakken 'yancin zaɓi, a lokacin ne kuma bayanan da ke hannunsa suka fi ƙaranci. Sauya dabara a kan takarda, kuɗin magogi kawai zai ci. Sauya ta bayan an zuba harsashi kuwa, sai a tambayi mai biyan kuɗin. Hausawa sun riga sun gama magana da suka ce tun ran gini, ran zane: in tukunya ta bushe, babu sauran yi mata ado.

Gadar da ta yi wata huɗu

A ranar 1 ga Yulin 1940 aka buɗe gadar Tacoma Narrows a jihar Washinton ta ƙasar Amurka. Gada ce mai rataye da igiyoyin ƙarfe, tazarar da ke tsakanin manyan hasumiyoyinta biyu ta kai mita 853. A tsarin da aka fara kawowa, an so a tallafe titin gadar da saƙar ƙarafa mai zurfin kusan mita 7 da rabi, irin saƙar da kafinta ke yi wa rufin kwano, wadda iska ke iya ratsawa ta wuce. Daga baya aka karɓi wata shawarar ta fitaccen injiniya Leon Moisseiff, aka yi amfani da shafaffen ƙarfe mai zurfin kimanin mita 2 da rabi. Gadar ta fito siririya, ga kyau, ga sauƙin kuɗi.

Tun ana cikin gina ta ma'aikata suka lura tana rawa idan iska ta kaɗa. A ranar 7 ga Nuwamban wannan shekara, iska mai gudun kimanin kilomita 65 a sa'a ta sa titin gadar ya riƙa murɗewa, gefe ɗaya ya yi sama ɗaya ya yi ƙasa, har ya karye ya faɗa ruwa. Allah Ya kiyaye babu mutumin da ya rasu, sai wani kare da aka bari a cikin mota.

Abin lura a nan shi ne, ba wannan ne karon farko da iska ta lalata irin wannan gada ba. A 1836 guguwa ta ɓarnata wata gadar sarƙa a garin Brighton na Ingila. A 1854 iska ta kayar da titin gadar Wheeling da ke kan kogin Ohio a Amurka. Injiniyoyin wancan zamani sun ɗauki darasi, suka riƙa ƙara wa gadojinsu tauri da nauyi. Da shekaru suka ja, waɗanda suka ga abin da idonsu suka shuɗe, sai na baya suka ga kamar taurin nan ɓarnar ƙarfe ce kawai. Ilimin yana nan a rubuce cikin tsofaffin rahotanni, amma bai zo teburin da ake yanke shawara ba a ranar da ake buƙatarsa.

To, da a ce akwai wani abokin aiki da ba ya mantuwa, wanda da zarar an rage zurfin titin gada zai ɗaga hannu ya ce, “Ku dakata, an taɓa yin haka, ga abin da ya biyo baya”? Wannan tunani shi ne tushen abin da muke magana a kai.

Manhaja mai rumbun ilimi

Ƙirƙirarriyar basira iri-iri ce. Wadda muke nufi yau ita ce wadda ake zaunar da gwanaye a tatso abin da suka sani, a rubuta shi a matsayin ƙa'idoji, a zuba wa kwamfuta. Wasu na kiranta manhajar gwani, saboda tana kwaikwayon yadda gwani ke yanke hukunci. Sassa uku gare ta.

Na farko shi ne rumbun ilimi. A cikinsa ake tara ƙa'idoji masu siffar “idan kaza, to kaza”. Misali: idan ƙarfe zai zauna kusa da ruwan gishiri, to a ba shi kariya daga tsatsa. Idan ƙasar wurin laka ce mai kumbura da damina, to kada a yi mata harsashi irin na ƙasa mai tsakuwa. Ana kuma ajiye bayanan kayan aiki da labarin ayyukan da aka yi a baya, waɗanda suka yi kyau da waɗanda suka lalace.

Na biyu shi ne sashen yanke hukunci. Aikinsa kamar na alƙali ne: ya saurari bayanin matsalar da ke gabansa, ya duba rumbu ya ga ƙa'idojin da suka shafe ta, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa sakamakon wata ƙa'ida shi ke tayar da wata, har a kai ga matsaya.

Na uku shi ne sashen bayani. Idan manhajar ta ce a guji wata dabara, injiniya yana iya tambayarta dalili, ita kuma ta jero masa ƙa'idojin da ta bi. Wannan sashe yana da muhimmanci ƙwarai, domin injiniya na gari ba ya karɓar shawarar da ba zai iya bin diddiginta ba.

Hikimar raba rumbu da alƙali ita ce, in an sami sabon ilimi sai a ƙara ƙa'ida kawai, ba sai an rushe manhajar an sake rubuta ta ba.

Daga ɗakin gwaji zuwa masana'anta

An fara wannan tafiya ne a Jami'ar Stanford ta Amurka. A 1965 Edward Feigenbaum da Joshua Lederberg suka soma aikin wata manhaja mai suna DENDRAL, wadda ke taimaka wa masana kimiyyar sinadarai gano tsarin ƙwayoyin sinadari daga sakamakon awo. A shekarun 1970 kuma Edward Shortliffe ya gina MYCIN, mai ƙa'idoji kimanin 600, wadda ke ba da shawara kan cututtukan da ƙwayoyin bakteriya ke haddasawa a jini da maganin da ya dace. Darasin da aka koya daga waɗannan biyu shi ne, ƙarfin manhaja yana cikin yawa da ingancin ilimin da aka zuba mata, fiye da wayon lissafinta.

Injiniyoyi ba su daɗe ba suka shigo. Wani kamfanin ƙera kwamfuta mai suna Digital Equipment Corporation ya kasance yana sayar da manyan kwamfutoci samfurin VAX, kuma kowane mai saye da irin haɗin da yake so. Sai a kai kaya wurin mai su a tarar an manta da wata waya, ko an haɗa sassan da ba sa aiki tare. A 1978 John McDermott na Jami'ar Carnegie Mellon da ke birnin Pittsburgh ya fara rubuta wata manhaja, R1, wadda daga baya aka fi sani da XCON. Kamfanin ya fara aiki da ita a 1980. Tana karɓar odar mai saye, ta duba abin da ya ɓace, ta tsara inda kowane sashe zai zauna. Ƙa'idojinta sun kai dubbai, kuma ta rage wa kamfanin asarar miliyoyin daloli.

Wadda ta fi kusa da batunmu ita ce HI-RISE, wadda Mary Lou Maher ta gina a wannan jami'a tare da malaminta Steven Fenves a tsakiyar shekarun 1980. Aikinta zayyanar farko ta ƙashin dogayen benaye. Dogon bene yana da abokan gaba biyu: nauyin da ke danna shi ƙasa, da iskar da ke tura shi gefe. Akwai hanyoyi da dama na tsayar da shi. Ana iya yin firam na ƙarfe mai sanduna a gicciye, ko katangun kankare masu kauri, ko a sa wata ƙaƙƙarfar cibiya a tsakiyar ginin. Idan aka ba HI-RISE tsawo da faɗi da yawan hawa da abin da za a yi da ginin, sai ta haɗa hanyoyin da za su yiwu, ta zubar da waɗanda suka saɓa wa ƙa'ida, ta yi ɗan lissafi a kan sauran, ta jera su daga wadda ta fi dacewa. Zaɓin ƙarshe na injiniya ne.

Akwai kuma VT, wadda Sandra Marcus da abokan aikinta suka yi wa kamfanin Westinghouse don tsara na'urar hawa bene. Salonta shi ne ta kawo shawara, ta gwada, ta gyara. Za ta zaɓi mota da igiya da ma'aunin nauyi, in ta ga an karya wata ƙa'ida sai ta nemi gyaran da ya fi sauƙi, ta koma baya ta sake lissafin duk abin da gyaran ya taɓa. Haka ƙwararren injiniya yake yi, sai dai ita ba ta gajiya.

Mu gwada da tumatir

Bari mu sauko da abin ƙasa mu yi shi da kanmu. A ce an ba mu aiki: mu samar wa wani gida a ƙauye abin da zai hana tumatir da alayyafo saurin lalacewa. Maimakon mu yi tsalle mu ce firji, sai mu yi abin da wani masanin taurari ɗan ƙasar Suwizalan, Fritz Zwicky, ya koyar: mu kasa matsalar gida-gida, mu jera zaɓin da ke cikin kowane gida.

Hanyar sanyayawa, huɗu: injin firji mai kwamfuresa, bushewar ruwa, ƙanƙara, ko rami mai inuwa. Makamashi, huɗu: wutar Nepa, sola, janareta, ko babu komai. Abin da za a yi jikin da shi, uku: yumɓu, ƙarfe, ko jan bulo. Girma, uku: na gida, na ɗan kasuwa, ko na ƙungiyar manoma. Ku ɗauko biro: 4 sau 4 sau 3 sau 3 ya ba mu 144. Daga gidaje huɗu kacal mun sami dabaru 144. Ku yi tunanin jirgin sama, mai gidaje ɗaruruwa.

Yanzu sai mu buɗe rumbunmu. Ƙa'ida ta ɗaya: idan wayar wuta ba ta kai ƙauyen ba, to a cire wutar Nepa. Saura 108. Ta biyu: idan an zaɓi kwamfuresa, to dole a sami makamashi. Dabaru 9 sun faɗi, saura 99. Ta uku: idan ana so ruwa ya tsattsafo ta jikin mazubi ya bushe, to ƙarfe ba zai yi ba, don ba shi da ƙofofin da ruwa zai bi. Wasu 9 sun tafi, saura 90. Ta huɗu: idan babu mai sayar da ƙanƙara a kusa, to a cire ƙanƙara. An rage 27, saura 63. Ta biyar: idan mai gida ba zai iya sayen fetur kullum ba, to a cire janareta. An rage 24, saura 39. Ta shida: gida ɗaya muke yi wa aiki, don haka girman gida kawai za mu ɗauka. Saura 13.

Da ƙa'idoji shida mun sauko daga 144 zuwa 13, adadin da mutum zai iya zama ya auna ɗaya bayan ɗaya. Abin da manhajar gwani ke yi ke nan, sai dai nata ƙa'idojin dubbai ne, kuma cikin daƙiƙoƙi take gamawa.

Ku duba cikin 13 ɗin nan, akwai wata dabara: bushewar ruwa, babu makamashi, jikin yumɓu, girman gida. Wannan ita ce tukunya cikin tukunya da Malam Mohammed Bah Abba, wani malami da ya koyar a Jigawa kuma ya fito daga gidan maginan tukwane, ya yaɗa a ƙauyukan Arewa a shekarun 1990, har ta sa ya ci lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ana saka ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ruwan yana tsattsafowa ta jikin babbar tukunyar yana bushewa, kuma duk ruwan da zai bushe sai ya ja zafi ya tafi da shi. Dalilin da ya sa ruwan randa yake sanyi ke nan, kuma dalilin da ya sa muke jin sanyi idan iska ta bugi gumi.

Amma akwai tarko. Bushewar ruwa tana son busasshiyar iska. A watan Maris a Dutse ko Damagaram tukunyar za ta yi aiki sosai. A tsakiyar Agusta, ko a gari mai yawan danshi kamar Fatakwal, sanyin da za ta bayar kaɗan ne. Mun sa wannan a cikin ƙa'idojinmu shida? Ba ya ciki. Ke nan manhajar da aka gina da su za ta ba mutumin Fatakwal shawarar tukunya ba tare da ko ɗar ba.

Inda gizo ke saƙa

Wannan shi ne babban raunin manhaja mai rumbun ilimi: abin da ba a zuba mata ba, ba ta san shi ba, kuma ba ta san cewa ba ta sani ba.

A ranar 10 ga Yunin 2000 aka buɗe gadar Millennium, ta masu tafiya a ƙasa, a kan kogin Thames a birnin Landan. Ƙwararrun injiniyoyi ne suka zayyana ta da kwamfutoci na zamani. Da jama'a suka cika ta, sai ta fara lilo gefe da gefe. Abin da ya faru shi ne, da gadar ta ɗan motsa, mutane suka riƙa daidaita takunsu da motsin don kada su faɗi, takun nasu kuma ya ƙara wa lilon ƙarfi. Bayan kwana biyu aka rufe ta. Sai a Fabrairun 2002 aka sake buɗewa, bayan an ɗaura mata na'urori masu shanye girgiza, masu aiki irin na shokozobar mota. Ƙa'idojin gina gada da ake bi a lokacin sun kula da tsallen da takun mutane ke sa gada ta yi sama da ƙasa, amma ba su yi tanadin wannan lilo na gefe ba. Duk manhajar da aka cika da waɗannan ƙa'idoji, da ita ma ta ce komai lafiya. Bayan abin ya faru ne aka yi bincike, aka shigar da darasin cikin ƙa'idojin.

Matsala ta biyu ita ce tatso ilimin daga kan gwani. Ku je maƙera ku tambayi tsohon maƙeri yadda yake sanin ƙarfe ya isa duka. Zai ce yana gani ne kawai. Ya sani sarai, amma mayar da sanin nan zuwa “idan kaza, to kaza” aiki ne ja. Feigenbaum da kansa ya nuna cewa nan ne maƙogwaron da aikin ke shaƙewa. Wasu sun nemi ilimin ta wata hanya. Genrich Altshuller na tsohuwar Tarayyar Sobiyet, tun daga 1946, ya duƙufa nazarin dubban takardun rajistar ƙirƙira, ya gano cewa masu ƙirƙira suna maimaita dabaru ƙalilan ne a fannoni daban-daban. Ya tattara guda 40, kamar rarraba abu gida-gida, ko juya shi baibai, ko saka wani abu cikin wani. Tsarin nasa ana kiransa TRIZ, kuma an zuba shi cikin manhajojin zayyana. Ku lura, tukunya cikin tukunya ma saka wani abu cikin wani ce.

Matsala ta uku ita ce kula da rumbun. Idan ƙa'idoji suka yi yawa, sai wata ta fara karo da wata, ga kaya sababbi suna fitowa kullum. XCON kanta sai da aka ware mata ma'aikata masu yawa don sabunta ta. Wannan wahala na cikin abin da ya sa kasuwar irin waɗannan manhajoji ta yi sanyi a ƙarshen shekarun 1980. Duk da haka dabarar ba ta mutu ba. Ta shige cikin manhajojin zane da kamfanonin jiragen sama da na motoci ke amfani da su, inda in injiniya ya sauya tsawon wani sashe, ƙa'idojin da aka dasa su gyara sauran sassan su kuma yi gargaɗi in an ƙetare iyaka.

Ina bambancinta da ChatGPT?

Mun san wannan tambaya tana bakin da yawa daga cikinku. ChatGPT, da ya fito a Nuwamban 2022, da ire-irensa, ba a rubuta musu ƙa'idoji ɗaya bayan ɗaya ba. An ba su rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa ne suka koyi yadda kalmomi ke bin juna. Shi ya sa suke iya magana a kan kusan komai, suna kuma iya kawo dabarar da mutum bai yi tunaninta ba. Amma suna iya faɗin abin da ba haka yake ba cikin kyakkyawan lafazi, kuma dalilin da za su ba ka ba lallai ne ya zama ainihin hanyar da suka bi ba. Manhajar gwani kuwa fagenta ƙunci gare shi, sai dai kowace shawara tata tana da ƙa'idar da za a iya nunawa da yatsa, a kuma san gwanin da ya faɗe ta.

Don haka masu bincike a yau suna ƙoƙarin haɗa su aiki: ɗaya ya kawo dabaru barkatai, ɗayan ya tace su da dokokin kimiyya da ƙa'idojin gini. Ko an haɗa, alhakin yana wuyan mutum. A Najeriya, hukumar COREN ce ke yi wa injiniyoyi rajista, kuma injiniyan da ya sa hannu ya buga hatiminsa a kan zane shi za a nema in gini ya rufta. Ba a kai kwamfuta kotu, ba ta kuma zuwa ta'aziyya.

Me ya rage gare mu?

Wani zai ce, tunda kwamfuta za ta yi tunanin, me ya sa zan wahalar da kaina da Fizis da Lissafi? Amsar tana cikin tumatirinmu. Wanda bai san yadda danshi ke hana ruwa bushewa ba, ba zai lura cewa akwai ƙa'idar da ta ɓace ba. Zai karɓi amsar na'ura ya sa hannu. Wanda ya riƙe darasinsa na ajin SS1 kuwa, shi zai ce a dakata. Rumbun nan mutane ne ke cika shi, mutane ne ke gyara shi, kuma akwai ilimi mai yawa game da ƙasarmu da yanayinmu da kayan gininmu da har yanzu yake kan magina da maƙera da manoman rani, ba a rubuta shi ba. In ba mu muka rubuta ba, manhajojin da za a kawo mana za su zo ne da ƙa'idojin wasu ƙasashe.

Ga aikin wannan mako, musamman ga 'yan ƙungiyar JETS, amma ƙofa a buɗe take ga kowa. Ku zaɓi matsala ɗaya a makarantarku, kamar ajin da ke zafi da rana, ko ruwan da ke kwanciya a bakin ƙofa da damina. Ku kasa ta gida uku ko huɗu, ku jera zaɓin kowane gida, ku lissafa jimillar dabarun. Sannan ku sami wani gwani a unguwarku, birkila ko kafinta ko mai walda, ku gaishe shi da ladabi ku ce, “Baba, in kai ne, wanne za ka guje wa, kuma don me?” Ku mayar da amsoshinsa ƙa'idoji biyar masu siffar “idan kaza, to kaza”, ku ga dabaru nawa za su rage. A ƙarshe ku ba wani abokinku takardar, aikinsa shi ne ya nemo ƙa'idar da kuka manta.

Ku aiko mana da abin da kuka samu ta hannun editan wannan shafi, tare da sunan makarantarku da ajinku. Za mu zaɓi waɗanda suka fi tsari mu tattauna a kansu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu. Mu kwana nan, a yi karatu lafiya.